Duka, ja, nukiliya ko kwashe jama'a: wace dabara ta dace da dutsen da ya nufo duniya?

Tambayar ko kumbo zai iya karkatar da dutsen sararin samaniya ta samu amsa tun ranar 26 ga Satumba, 2022, lokacin da kumbon DART na hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ya gwabza wa wani dutse mai suna Dimorphos karo ya sauya masa tafiya. Abin da ya rage shi ne mai wuyar: wane dutse ya kamata a taɓa, da me za a taɓa shi, kuma yaushe ne taɓawar za ta fi bari muni.

A watan Fabrairun 2025, lissafin NASA ya nuna cewa wani dutse mai lamba 2024 YR4, mai faɗin kimanin mita 60, yana da yiwuwar kashi 3.1 cikin ɗari ta faɗo wa duniya ranar 22 ga Disamba, 2032. Zirin da zai iya faɗawa ya taso daga gabashin tekun Pasifik, ya bi ta arewacin nahiyar Kudancin Amurka, ya tsallaka Atlantika, ya ratsa Afirka, ya wuce tekun Larabawa zuwa kudancin Asiya. Cikin 'yan kwanaki ƙarin awo ya nuna zai wuce salin-alin. Da bai nuna hakan ba, da kusan shekara takwas ne kawai a hannu, kuma duka irin na DART ba lallai ya zama shi ne maganin ba.

Minti bakwai

Duniya tana gudu a kan hanyarta ta kewaya rana da saurin kusan kilomita 30 a kowane sakan. Faɗinta kilomita 12,700 ne da ɗoriya, don haka cikin minti bakwai take barin wurin da take gaba ɗaya. Karo yana faruwa ne idan ita da dutsen suka iso mahaɗar hanyoyinsu a lokaci guda, kamar motoci biyu a mararraba. In ɗaya ta makara ko ta yi sammako da 'yan mintoci, kowa ya kama gabansa. Aikin da ake nema daga kumbo ke nan, ya sa dutsen ya makara ko ya riga duniya wucewa.

A ce an ƙara wa dutse ko an rage masa saurin santimita ɗaya a sakan. Shekara goma tana da sakan kusan miliyan 315, wanda ya ba da ratar kilomita 3,150. To amma sauya saurin dutse yana sauya girman da'irar da yake kewayawa da tsawon shekararsa, shi ya sa idan turin ya bi layin tafiyarsa ratar takan ninka kusan sau uku, ta kai wajen kilomita 9,500. Rabin faɗin duniya kilomita 6,400 ne. Ke nan santimita ɗaya a sakan ya wadatar idan an tura dutsen shekara goma kafin ranar, ko da an ƙara 'yar rata saboda yadda ƙarfin jan duniya ke lanƙwaso abin da ya matso kusa da ita. Idan shekara ɗaya ce ta rage, sai an nemi fiye da ninki goma na wannan turin.

Ɗaya ɓangaren shi ne nauyi. Idan faɗin dutse ya ninka sau biyu, nauyinsa sau takwas yake ninkawa. Dimorphos mai faɗin mita 150 an kiyasta nauyinsa tan miliyan 4.3, wani dutsen kuwa mai suna Bennu, mai faɗin mita 490, ya kai tan miliyan 73. Duk wata dabara da za a auna, da waɗannan biyun ake auna ta: shekara nawa suka rage, tan nawa za a tura.

Duka da kumbo

Wannan ce kaɗai dabarar da aka gwada a kan dutse na gaske, kuma don haka ta cancanci a dube ta da kyau. An harba DART ranar 24 ga Nuwamba, 2021 daga sansanin Vandenberg da ke Kalifoniya a kan rokar Falcon 9. Bayan wata goma yana tafiya ya iso Dimorphos, ƙaramin dutsen da ke kewaya wani babba mai suna Didymos, a nisan kimanin kilomita miliyan 11 daga duniya. Nauyin kumbon lokacin karon bai kai kilo 600 ba, saurinsa kuma kilomita 6.1 a sakan. Babu abin fashewa ko ɗaya a jikinsa. Awoyi huɗu na ƙarshe kansa ya tuƙa da kyamara guda da manhajar saiti, domin saƙo daga duniya yana ɗaukar fiye da rabin minti kafin ya isa, kuma sai da ya rage kusan awa ɗaya kafin kyamarar ta iya bambance Dimorphos daga Didymos. Duk da haka ya sauka tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, mita 25 ko ƙasa da haka daga tsakiyar dutsen.

Kafin karon, Dimorphos yana gama kewaya Didymos cikin awa 11 da minti 55. NASA ta ce in aka rage sakan 73 an yi nasara. Minti 33 aka rage. Saurin dutsen ya sauya da kimanin milimita 2.7 a sakan, alhali nauyin kumbon da saurinsa kaɗai ba za su ba da ko milimita ɗaya ba. Ragowar ta fito ne daga tsakuwa da ƙura, sama da kilo miliyan ɗaya, da karon ya watso baya, suka tunkuɗa dutsen gaba kamar yadda hayaƙin roka ke tunkuɗa ta. Masana suna auna wannan ƙari da lambar da suke kira beta. Ta DART ta fito wajen 3.6, amma tana iya kasancewa ko'ina tsakanin 2.2 da 4.9, saboda har yanzu ba a auna nauyin Dimorphos kai tsaye ba. Wannan awon ne babban aikin kumbon Hera na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba ranar 7 ga Oktoba, 2024, aka tsara ya isa wurin a ƙarshen 2026.

Yanzu a ɗora wannan sakamakon a kan lissafin baya. Milimita 2.7 a sakan yana ba da ratar kimanin kilomita 2,500 cikin shekara goma. Kafin ya kai rabin faɗin duniya sai an ba shi shekara 25. Wato dutse mai girman Dimorphos da aka gano zai bugi tsakiyar duniya nan da shekara goma yana buƙatar kumbo uku ko huɗu irin DART, ko guda mai nauyin da ya ninka nasa. Wannan abu ne mai yiwuwa da rokokin da ake da su yau. Idan dutsen ya kai Bennu labari ya sha bamban. Wani nazari da masanan NASA da na cibiyar bincike ta Lawrence Livermore suka fitar a 2018 ya ɗauki kumbo mai nauyin kusan tan tara, ya gano cewa da shekara 25 a hannu za a buƙaci harba manyan rokoki 7 zuwa 11, da shekara goma kuwa 34 zuwa 53. Babu ƙasar da za ta iya harba hamsin a jere zuwa wuri guda ba tare da wasu sun kuskure ba.

Matsalar da ta fi wannan damun masu tsara aikin ita ce yanayin jikin dutsen. Yawancin duwatsun da aka ziyarta masu wannan girman tarin tsakuwa ne da ɓaraguzai waɗanda ɗan ƙarfin jan junansu kawai ya riƙe. A 2019 kumbon Japan, Hayabusa2, ya harba dunƙulen tagulla mai kilo biyu a kan dutsen Ryugu, ramin da ya buɗe ya haura mita goma, fiye da abin da aka zata nesa ba kusa ba. A watan Oktoban 2020 hannun kumbon OSIRIS-REx na NASA ya taɓa Bennu don ɗebo samfur, sai ya nutse kusan rabin mita ba tare da wata turjiya ba. Irin wannan dutsen in aka doke shi da ƙarfi ba ya matsawa a dunƙule, tarwatsewa yake yi. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada turi ɗaya ya wuce kashi goma cikin ɗari na saurin da tsakuwa ke buƙata don ta kuɓuce wa jan dutsen. Ga Dimorphos wannan saurin bai kai santimita tara a sakan ba, don haka iyakar turi ɗaya ta tsaya wajen milimita tara, kuma DART bai wuce gona da iri ba. Ga dutse mai mita 60 irin 2024 YR4, saurin kuɓucewar santimita uku ne da ɗoriya, alhali duka irin na DART zai ba shi turin kusan santimita biyar. Abin da za a samu shi ne gutsattsari da yawa, kowanne da tasa hanyar, wasu har yanzu suna kan layin duniya, kuma sun yi ƙanƙanta da yawa a sake bin su.

Akwai kuma ƙuntatawar hanya. Kumbon da aka harba daga duniya ba ya zaɓar ɓangaren da zai zo wa dutse yadda ya ga dama. Sau da yawa hanyoyin da man roka zai iya kaiwa suna ba da damar turi ta fuska ɗaya ne kawai, ko a ƙara wa dutsen sauri ko a rage, kuma ba dole ne fuskar ta zama wadda ta fi kusa da fitar da shi daga kan duniya ba. A haɗa da shekara huɗu zuwa biyar da gina kumbo ke ci, da jiran ranar da hanyoyin duniya da dutsen za su ba da damar harbawa, da tafiyar da kan ɗauki watanni ko shekaru. Wanda ya ce yana da shekara goma, a gaskiya ba ya da fiye da huɗu ko biyar bayan an doki dutsen.

Ta fuskar kuɗi kuwa, aikin DART gaba ɗaya ya ci kimanin dala miliyan 325. Ga abin da zai iya karewa, wannan araha ce.

Ja a hankali

A 2005 wasu 'yan sama jannati biyu na Amurka, Edward Lu da Stanley Love, suka kawo wata dabara da ba a taɓa dutsen sam. Kumbo mai nauyi zai je ya tsaya kusa da dutsen, jan da ke tsakanin nauyinsa da na dutsen ya riƙa fizgo dutsen kaɗan-kaɗan, shi kuma yana kunna ƙananan injinansa don kada ya faɗa kai. Dole a karkatar da bakin injinan gefe, in ba haka ba iskar da suke fesawa za ta bugi dutsen ta rushe aikin. Lissafinsu ya nuna kumbo mai tan 20 zai sauya saurin dutse mai faɗin mita 200 da kusan milimita biyu a sakan bayan shekara guda cur yana tsaye.

Kyawunta a fili yake. Ba ruwanta da ko dutsen tarin tsakuwa ne ko dunƙulen ƙarfe, ba ruwanta da juyawarsa, ba ta fasa komai, kuma ana iya auna sakamakon kullum a tsaya inda ake so. Aibinta ma a fili yake: Cassini, ɗaya daga cikin kumbo mafi nauyi da aka taɓa aikawa can nesa, bai kai tan shida ba har da mansa. Sannan kumbon ja sai ya daidaita saurinsa da na dutsen kafin ya tsaya, abin da ke cin mai da shekaru fiye da a doke shi a wuce. 'Yar uwar wannan dabara, wadda masana a Madrid suka gabatar wajen 2011, ita ce a juya bakin injin lantarki ya riƙa fesa wa dutsen iskarsa kai tsaye. Ba ta buƙatar kumbo mai nauyi sosai, amma ita ma ta shekaru ce, kuma ba a gwada ko ɗaya daga cikinsu a sama ba.

Inda ja yake da amfani na gaske shi ne gyaran ƙarshe. Idan dutse ya wuce kusa da duniya, akwai wasu ƙananan kafofi a sarari waɗanda in ya bi ta cikin ɗaya, jan duniya zai lanƙwasa hanyarsa ta yadda zai dawo ya buge ta bayan wasu shekaru. Haka aka ji tsoro game da Apophis, dutse mai mita 340 da zai wuce kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa ranar 13 ga Afrilu, 2029, ƙasa da inda taurarin ɗan adam na talabijin suke, har mutanen Afirka da Turai za su iya ganin sa da ido. Kafar da aka yi fargabar zai bi ya dawo a 2036 faɗinta wajen mita 600 ne kacal. Awon da aka yi daga baya ya kawar da wannan fargabar, har na 2021 ya tabbatar babu haɗari daga gare shi na shekara ɗari. Amma darasin ya zauna: kauce wa kafa mai mita 600 ya fi kauce wa duniya mai kilomita 12,700 sauƙi sau dubbai, kuma dukan da ba a auna ba yana iya ture dutse daga kan duniya ya jefa shi cikin irin wannan kafar. Kumbon ja da ke biye da kumbon duka shi ne zai gyara hakan.

Nukiliya

A sararin samaniya babu iska, don haka bam ba ya da guguwar da zai tura komai da ita. Abin da ke aiki shi ne haskensa. Ana tayar da makamin a ɗan nesa da dutsen, daga 'yan mitoci zuwa ɗaruruwa gwargwadon girmansa, sai hasken eksire da ƙwayoyin niyutiron su ƙona fatar dutsen ta fuskar da ke kallon bam ɗin. Fatar ta zama tururi cikin ƙiftawar ido ta fice da gudu, dutsen ya matsa ta ɗaya fuskar. Da yake turin ya bazu a kan rabin jikin dutsen maimakon wuri guda, kuma ana iya rage shi ko ƙara shi ta hanyar sauya nisan fashewar, yana da wani sassauci da duka ba shi da shi.

Bambancin ƙarfi ba kaɗan ba ne. Makami mai megaton ɗaya, wato ƙarfin tan miliyan ɗaya na nakiyar TNT, nauyinsa wajen tan ɗaya ne, amma ƙarfin da ke cikinsa ya ninka na karon DART sau fiye da dubu ɗari uku. Ba duka ke shiga dutsen ba, duk da haka rahoton da NASA ta miƙa wa majalisar dokokin Amurka a 2007 ya kiyasta fashewar nesa ta fi sauran dabaru tasiri sau 10 zuwa 100. A 2024 masana a cibiyar Sandia ta Amurka suka gwada tushen dabarar a ɗakin bincike: suka haska wa ƙananan duwatsu masu faɗin milimita 12 eksire mai tsananin ƙarfi, duwatsun suka tashi da saurin kusan mita 70 a sakan. Daga nan suka kiyasta cewa dabarar za ta iya karkatar da dutse har mai faɗin kilomita huɗu idan da isasshen lokaci. Idan kuma lokaci ya ƙure, akwai zaɓin tarwatsa dutsen da gangan, da ƙarfin da zai watsa gutsattsarin nesa. Wani nazarin kwamfuta na 2021 ya nuna megaton ɗaya a kan dutse mai mita 100, in an tayar aƙalla wata biyu kafin ranar, zai sa kashi 99.9 cikin ɗari na nauyinsa ya kuskure duniya. In aka bari sai saura kwanaki, gutsattsarin ba su samu lokacin bazuwa ba, sai a mayar da bala'i ɗaya ya zama ruwan duwatsu.

Wahalhalunta na fasaha ma ba ƙanana ba ne. Kumbon da ke tunkarar dutse da saurin kilomita goma a sakan yana cin mita goma cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, don haka na'urar da ke auna nisa ta tayar da bam ɗin ba ta da damar kuskure. Makaman da ake da su an ƙera su ne don tafiyar mintoci, ba don watanni cikin sanyi da zafin sararin samaniya ba. Roka kuma takan fashe wajen tashi, kuma ko makamin bai tashi ba sinadaran da ke cikinsa za su watsu.

Sai doka. Yarjejeniyar 1963 ta haramta fashewar nukiliya a sararin samaniya, bayan gwaje-gwaje irin na Starfish Prime na 1962, wanda Amurka ta tayar a tsayin kilomita 400 ya lalata taurarin ɗan adam ya kashe fitilun titi a Hawaii. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana ajiye makaman nukiliya a can. Babu ɗayansu da ta ware dutse a matsayin uzuri. Tun 1994 Carl Sagan da Steven Ostro suka yi gargaɗin cewa wanda ya iya kawar da dutse daga duniya zai iya karkato shi kanta, kuma ajiye makamai da sunan jiran dutse na iya zama haɗarin da ya fi dutsen kusa. A ganinmu gargaɗin yana nan da ƙarfinsa, kuma hanyar da ta dace ita ce a ci gaba da lissafi da gwajin ɗakin bincike, a tsara kumbon a takarda, amma kada a gina shi ko a ɗora masa makami sai an ga dutsen da ya wajabta hakan, da amincewar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

A bar shi ya faɗo, a kwashe mutane

Wannan zaɓin ba ya burge kowa, amma shi ne za a fi yawan buƙata, domin ƙananan duwatsu sun fi manya yawa nesa ba kusa ba. Masu 'yan mitoci suna ƙonewa a sama, gutsattsari kaɗan ke isowa ƙasa, irin dutse mai kilo 18 da ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina a watan Oktoban 1962, wanda daga baya aka gano daga duniyar Mars ya fito. A 2008 aka fara gano dutse kafin ya iso: 2008 TC3, mai kimanin mita huɗu, an hango shi saura awa 20, aka faɗi wuri da lokaci, ya kuma fashe a saman hamadar arewacin Sudan kamar yadda aka faɗa. Ɗaliban Jami'ar Khartoum ne suka bi sahu suka tsinto ɗaruruwan gutsattsarinsa.

Na Chelyabinsk a Rasha, ranar 15 ga Fabrairu, 2013, bai wuce mita 20 ba. Ya fashe a tsayin kusan kilomita 30 da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima wajen sau talatin, ya lalata gine-gine sama da 7,000, mutum kusan 1,500 suka nemi magani. Yawancinsu gilashi ne ya yanke su: sun ga haske sun ruga taga su duba, ƙarar ta iso bayan minti ɗaya ko biyu ta farfasa tagogin a fuskarsu. Sanarwar awa ɗaya da ke cewa a nisanci taga a kwanta ƙasa da ta hana mafi yawan raunukan. Ba a samu sanarwar ba saboda dutsen ta ɓangaren rana ya zo, inda na'urorin hangen nesa na ƙasa ba sa gani.

Mai mita 50 zuwa 60 kuwa, irin wanda ya kwantar da dajin Tunguska na Saberiya a faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000 a 1908, zai iya shafe babban birni. Duk da haka ɓarnarsa tana da iyaka, kashi 71 cikin ɗari na doron duniya ruwa ne, kuma makonni kafin ranar ana iya sanin wurin faɗuwar da kusanci. Kwashe yanki guda abu ne da hukumomin agajin gaggawa suka san yadda ake yi.

Wanne, a wane hali

Dutsen da bai kai mita 50 ba a bar shi, a yi sanarwa, a kwashe mutane in da hali. Ko ƙungiyar hukumomin sararin samaniya da ke ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara, SMPAG, ba ta fara tsara aikin kumbo sai dutse ya haura mita 50, yiwuwar karonsa ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, kuma cikin shekara 50 masu zuwa. Tsakanin mita 50 da 100 nan ne hukunci ya fi wuya, don dutsen ya isa ya hallaka birni amma bai isa ya jure duka ba. In wurin faɗuwar teku ne ko hamada, barin sa ya fi. In birni ne kuma da shekaru a hannu, ƙaramin duka da aka auna ko turi a hankali. Daga mita 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, da shekara goma zuwa ashirin ko fiye, duka ne zaɓi na farko, a raba shi kashi-kashi, kumbo na biyu ya jira sakamakon na farko. Abin da ya kai rabin kilomita ko ya fi, ko wanda aka gano saura 'yan shekaru, ko tauraro mai wutsiya da ke shigowa daga nesa da gargaɗin shekara ɗaya ko biyu, nukiliya ce kawai ke da ƙarfin da ya kai. Mai son ganin aikin irin wannan babban dutsen ya dubi tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, rami mai faɗin kilomita goma da rabi da karo ya haƙa shekara kusan miliyan ɗaya da ta wuce.

A kowane hali da lokaci ya bari, kumbon leƙen asiri ya riga na duka tafiya. Daga ƙasa hasken dutse kawai ake gani, kuma ƙaramin dutse mai fari da babba mai baƙi haskensu ɗaya ne. Kafin na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta auna 2024 YR4, kiyasin faɗinsa ya tashi daga mita 40 zuwa 90, wanda a nauyi bambancin ya haura ninki goma. Ba a tsara duka a kan irin wannan jahilcin.

Akwai wani abu da ya kamata ƙasashen da ba su da roka su sa wa ido. Karkatar da dutse ba ya ɗauke wurin faɗuwa daga taswira farat ɗaya. Yana jan sa ne a kan zirin haɗarin, ƙasa bayan ƙasa, har ya fita ta gefen duniya. Idan ana buƙatar kumbo huɗu, biyu suka samu biyu suka kuskure, dutsen da zai faɗa wata ƙasa ya koma kan wata da ba ta cikin lissafi tun farko. Zaɓin tura shi gabas ko yamma zaɓi ne na waɗanda za a ratsa ta kansu. Yarjejeniyar 1972 ta ɗora wa ƙasar da ta harba kumbo alhakin ɓarnar da kumbon ya yi a doron ƙasa, amma lauyoyi ba su daidaita a kan ko ta shafi dutsen da kumbon ya tura ba, SMPAG kuma shawara take bayarwa, ba ta yanke hukunci. Ƙasashen Afirka da ke zama a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana suna da hurumin neman a rubuta wannan ƙa'idar tun babu sunan kowa a kan zirin.

Idan kuwa tambayar ita ce ina za a fara sa kuɗi, amsar ba kumbon duka ba ce. Duwatsu masu kilomita ɗaya ko fiye an gano wajen kashi 95 cikin ɗari, babu wanda ke barazana a wannan ƙarnin. Masu mita 140 zuwa sama an kiyasta sun kai 25,000, kuma duk da dokar majalisar Amurka ta 2005 da ta nemi a gano kashi 90 cikin ɗari kafin ƙarshen 2020, waɗanda aka sani ba su kai rabi ba. A watan Yulin 2019 wani mai lamba 2019 OK, da ya kai girman filin ƙwallo, ya wuce kimanin kilomita 72,000 daga duniya, kwana ɗaya kacal bayan an gane shi. Cibiyar hangen nesa ta Vera Rubin da ke Chile ta nuna abin da za ta iya a 2025, inda ta gano sabbin duwatsu sama da 2,000 cikin awa goma na gwaji. NASA kuma tana gina NEO Surveyor, na'ura mai madubin santimita 50 da ke ganin zafin dutse maimakon haskensa, wadda za ta zauna kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, ta leƙa kusa da inda na Chelyabinsk ya ɓullo. An tsara harba ta tsakanin ƙarshen 2027 da tsakiyar 2028, da burin gano kashi biyu bisa uku na masu mita 140 cikin shekara biyar na farko.